Ciki Da Gaskiya Wuƙa Ba Ta Huda Shi? Amsa Ga Matashin Da Ya Karanta Littafin Yaƙin Gidajen Sarauta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mamallakin mulki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, makonni kaɗan da suka wuce wani bawan Allah daga cikin masu halartar karatunmu na bayan Magariba ya dakata har jama'a suka watse, sannan ya matso da ɗansa a gaba, yana riƙe da wayar yaron a hannu. Yaron shekarunsa 16, yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma mun san shi da natsuwa tun yana ƙarami a Islamiyya. Mahaifin ya ce ya ji shi da kunnensa yana gaya wa ƙanensa cewa duk wanda ya ƙi satar amsa a jarrabawa wawa ne, domin duniya ba ta mai gaskiya ba ce. Da ya tsananta tambayar inda ya samo wannan magana, sai yaron ya nuna masa wasu manyan littattafan Turanci guda biyar da ya sauke a waya, ya ce ya karance su kaf. Bukatar mahaifin ita ce mu yi wa yaron faɗa, mu kuma ba shi fatawar fasa wayar.

Muka ce yaron ya faɗa mana da bakinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, tun muna ƙanana ake gaya mana ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. A littafin nan mutum ɗaya ne mai gaskiya a fadar sarki, kuma shi aka fille wa kai a gaban 'yarsa. Maƙaryata da mayaudara su suka hau karaga. Da na ɗaga kai na duba gari, sai na ga abin da ke faruwa ke nan."

Ba mu ba shi amsa a daren ba. Mun nemi a ba mu lokaci, muka karɓi littafi na farko muka karanta, muna tsallake shafukan da bai halatta a tsaya a kansu ba. Mun ga ya dace mu kawo maganar wannan shafi, domin wannan yaro ba shi kaɗai ba ne, kuma shubuhar da ta shiga zuciyarsa fasa waya ba ya fitar da ita.

Littafin sunansa A Game of Thrones, wato wasan neman karagar mulki. Wani Ba'amurke mai suna George R. R. Martin ne ya wallafa shi a 1996, ya biyo shi da wasu huɗu, na ƙarshensu a 2011, kuma har yau labarin bai kammala ba. Tashar HBO ta mayar da shi fim mai dogon zango daga 2011 zuwa 2019, wanda shi ne ya jefa sunan a bakin matasa a ko'ina, har da namu. Labarin yana faruwa ne a wata ƙirƙirarriyar ƙasa mai masarautu bakwai a ƙarƙashin sarki ɗaya. Sarkin, wanda shaye-shaye da sharholiya suka cinye, ya ɗauko amininsa Eddard na gidan Stark daga arewacin ƙasar ya naɗa shi waziri. Wazirin ya gano cewa 'ya'yan da ake jingina wa sarki ba nasa ba ne, sarauniya, 'yar gidan Lannister, ta same su ne da ɗan'uwanta na jini, wa'iyazu billahi. Saboda tausayin yaran sai ya sanar da ita abin da ya gano tun kafin ya gaya wa sarki, don ta gudu da su. Ita kuwa ta riga shi shiri. Sarki ya mutu, aka ɗora ɗanta a karaga, aka kama waziri da laifin cin amanar ƙasa, aka sare masa kai a bainar jama'a. Daga nan gidajen sarauta suka kaure da yaƙi. Marubucin bai ɓoye ba cewa ya tsinci abubuwa da yawa daga tarihin Ingila, musamman yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin gidan York da gidan Lancaster daga 1455 zuwa 1485, inda 'yan dangi ɗaya suka shafe shekara talatin suna kashe juna a kan sarauta.

Kafin komai, wajibi ne mu ba mahaifin yaron gaskiyarsa. Littafin cike yake da batsa da aka siffanta dalla-dalla, da fyaɗe, da zina tsakanin muharramai, da aurar da yarinya 'yar shekara 13 ana bayyana abin da bai kamata a bayyana ba. Akwai alloli na ƙarya iri-iri, da tsafi, da ƙona mutane a matsayin hadaya. Fim ɗin ya fi muni, domin tsiraici ne a fili, kuma umarnin runtse ido da ke cikin Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, bai bar wa kowa ƙofa ba. Wanda zai ce ai karatu ba kallo ba ne, sai ya tuna cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Wannan dalili ne a kan cewa kalma tana zana hoto a zuciya kamar yadda ido yake yi. Don haka ba littafin da za mu miƙa wa matashi ba ne, kuma ba mu ga uzurin babba a kan waɗannan shafuka ba.

Amma ba za mu bi waɗanda suke cewa duk ƙagaggen labari ƙarya ne, saboda haka haramun ne ba. Ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ba haka ba don ya ɗauka haka ne. Labarin da mai bayarwa da mai sauraro duk suka san ƙage ne, misali ake bugawa da shi. Tun ƙarni na biyu na Hijira Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna zuwa Larabci, dabbobi suna magana a kan sarauta da makircin fada, malamai suka karanta suka karantar. Muƙamatul Hariri ƙagaggun labarai ne, kuma a zaurukan malamanmu na Kano da Zariya da Sakkwato ake karanta shi don ƙwarewa a lugga. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda iyayenmu suka tashi da ita, a kan makircin wani waziri aka gina littafinta na farko. Ma'aunin shi ne abin da labarin ya ƙunsa da abin da ya bari a zuciya. Malaman tafsiri da dama sun ambaci Nadru ɗan Harisu a ƙarƙashin aya ta 6 ta Suratu Luƙman, mutumin da yake tara Ƙuraishawa yana ba su labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa don ya shagaltar da su daga sauraron Alƙur'ani. Abin zargi a wurinsa shi ne inda yake son labaran su kai mutane.

To, ina wannan littafi ya kai ɗalibinmu? Ya kai shi ga yanke hukuncin cewa gaskiya asara ce. Batsar da ke ciki ya san haramun ce, kuma da muka ambace ta kunya ta rufe shi. Wanda ya san ya yi laifi yana kusa da tuba. Amma wancan hukunci da ya yanke, shi a wurinsa wayewa ce da fahimtar duniya, har yana koya wa ƙanensa. Wannan ya fi ba mu tsoro.

Da muka sake zama da shi, sai muka ce: "Ɗana, mu littafi ɗaya muka karanta, kai ka karanta biyar. Yaron da ya ba da umarnin kashe waziri, yaya ya ƙare?" Ya ce guba aka sa masa ranar bikin aurensa, ya mutu a hannun uwarsa. Muka ce kakansa fa, dattijon da yake juya masarautar daga bayan fage? Ya ce ɗan cikinsa ne ya harbe shi da kibiya. Sarauniyar fa? Ya ce an tozarta ta a titunan birnin da take mulka. Muka ce gidan da suka gayyaci ɗan waziri biki, suka ba shi abinci da alkawarin aminci, sannan suka yanka shi da mahaifiyarsa da mutanensa a wurin walima? Ya ce sun zama abin ƙyama a ƙasar, ana bin su ɗaya bayan ɗaya ana ratayewa. Muka ce shi wazirin da aka kashe, sunansa ya mutu tare da shi? Ya yi shiru, sannan ya ce a littafi na biyar wasu ƙabilun tsaunuka sun yarda su ratsa ƙanƙara su je yaƙi don ceto yarinyar da suke zaton 'yarsa ce, saboda girman da suke ba mahaifinta.

Duk waɗannan amsoshi daga bakinsa suka fito. Ya karanta su, amma bai haɗa su ba, domin zuciyarsa ta tsaya a wurin da takobi ya sauka. Marubucin ba Musulmi ba ne, bai kuma zauna don ya yi wa kowa wa'azi ba, amma da yake daga tarihin 'yan Adam ya ɗebo, sai sunnar Allah a kan azzalumai ta biyo shi cikin littafin. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddimarsa don bayyana yadda zalunci yake rushe ƙasa, kuma Bahaushe ya taƙaice maganar da cewa in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.

Sai dai da mun tsaya a nan da mun yaudari yaron. Yana da wayo, zai ce mana akwai azzaluman da suka mutu a kan gadonsu cikin daula, akwai masu gaskiyar da aka binne ba wanda ya tuna da su. Kuma gaskiya ya faɗa. A nan ne ya wajaba mu malamai da iyaye mu karɓi namu laifin. Mun daɗe muna koya wa yara gaskiya kamar wata haja mai saurin kawo riba: ka faɗi gaskiya za a so ka, ka riƙe amana za ka yi arziki. Muna ba su tatsuniyoyin da mugu yake shan kashi kafin a tashi hira. Yaron da aka gina a kan wannan, ranar da ya fara ganin an kori mai gaskiya daga aiki an ƙara wa ɓarawo girma, ginin zai rufta. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi karin magana ce mai hikima, amma ba aya ba ce, ba kuma hadisi ba. Alƙur'ani bai yi wa mumini alkawarin cewa ƙarfe ba zai taɓa jikinsa ba. Farkon Suratul Ankabut ya sanar da mu cewa ba za a bar mutane a kan faɗin sun yi imani ba tare da an jarrabe su ba, kuma da jarrabawar ake bambance mai gaskiya da maƙaryaci. Alƙur'ani ya ambaci annabawan da Bani Isra'ila suka kashe ba da haƙƙi ba. Sayyidina Umar a cikin sallah aka soke shi. Sayyidina Usman a gidansa aka kashe shi, bayan ya hana a zubar da jinin Musulmi don kare shi. Sayyidina Aliyu a hanyar sallar Asuba aka sare shi. Sayyidina Husaini a Karbala ya yi shahada a shekara ta 61 bayan Hijira. Allah ya ƙara musu yarda. Waɗannan su ne mafifitan al'umma, kuma wuƙa ta huda su.

Saboda haka muka karanta wa ɗalibin hadisin yaro da sarki da ke cikin Sahihu Muslim, wanda malamai suke kawowa a tafsirin Suratul Buruj. Matashi ne kamarsa, aka ɗauke shi don ya gaji bokan sarki, Allah ya shiryar da shi ta hannun wani mai ibada. Sarki ya sa a jefo shi daga kan dutse, Allah ya tsirar da shi. Ya sa a nutsar da shi a teku, ya dawo. Daga ƙarshe shi da kansa ya gaya wa sarki yadda zai iya kashe shi: ya tara jama'a, ya harbe shi yana ambaton sunan Allah Ubangijin yaron. Kibiya ta same shi ya mutu, jama'a suka yi imani, sarki ya haƙa ramuka ya hura wuta ya jefa su ciki. Da marubucin Amurka ne ya rubuta wannan ƙissa, a nan zai rufe babi, mai karatu ya ce sarki ya ci nasara. Amma Suratul Buruj ta kira abin da muminai suka samu babban rabo, ta kuma yi wa masu wutar alkawarin wata wutar. Littafin da yaron ya karanta lissafinsa a bakin kabari yake tsayawa, shi ya sa wanda aka kashe ya zama wanda ya yi asara. Musulmi kuwa ya san akwai zama bayan wannan, inda za a kafa wa kowane mayaudari tuta a san shi da ita, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim. Wanda ya karɓi ma'aunin littafin ya jingine na Alƙur'ani, ya yi canjin aƙida bai sani ba, ko da yana sallah a sahun farko.

Ko a nan duniya ma, Allah yakan nuna wa bayinsa wani yanki na sakamakon. Hajjaju ya kashe Sa'idu ɗan Jubairu a shekara ta 95, shi ma bai fita shekarar ba. An yi wa Imamu Malik bulala a Madina saboda ya ƙi janye fatawarsa cewa abin da aka tilasta mutum a kai ba ya ɗaure shi. Yau ɗalibai ƙalilan ne za su iya kawo sunan gwamnan da ya ba da umarnin, alhali Muwaɗɗa ana karanta ta daga Fas har Damagaram.

Akwai kuma wani kuskure a fahimtar yaron, wato zaton cewa gaskiya ce ta kashe waziri. Wanda ya karanta da lura zai ga cewa mutumin ya tona asirinsa ga abokiyar gabarsa kafin ya shirya, ya jingina tsaronsa ga mutumin da ya gaya masa da bakinsa kada ya amince da shi, ya kuma bar 'ya'yansa mata a cikin fadar da ya san ta zama ramin kura. Wannan sakaci ne, kuma Musulunci bai taɓa haɗa gaskiya da sakaci ba. Annabi Yaƙubu ya hana Annabi Yusufu ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Manzon Allah (SAW), wanda ko maƙiyansa suna kiransa amintacce, a daren Hijira ya bar Sayyidina Aliyu a shimfiɗarsa, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya kwana uku a kogon Saur, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya. Bai yi ƙarya ba, bai ci amanar kowa ba, har kayan ajiyar mushirikai ya bar wanda zai mayar musu. Shi ne kuma ya koya mana cewa ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya. Littafin ya ajiye wa matashi hanya biyu, ko ya zama mai gaskiya da za a yanka, ko ya zama mai wayo da ba ya tsoron Allah. Sirar Annabi (SAW) ta nuna mutum yana iya haɗa amana da tsari, kuma wannan ne abin da ake nema daga gare mu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a littafin shi ne wata katangar ƙanƙara a iyakar arewa, wadda aka gina don tare wani bala'i da ke tafe. Masu gadinta sun ƙaranta, suna ta aika wa sarakuna neman agaji, sarakuna kuwa suna can suna yanka juna, manoma ana ƙone musu gonaki. Muka ce wa yaron wannan ba sai ya je ƙirƙirarriyar ƙasa ba. Sarauniyar Saba ta faɗi abin da sarakuna suke yi wa gari idan suka shige shi da yaƙi, Alƙur'ani ya hakaito a Suratun Namli. Haruna Rashid ya rasu a shekara ta 193, 'ya'yansa Amin da Ma'amun suka yi yaƙi, aka yi wa Bagadaza ƙawanya fiye da shekara guda, aka kashe Amin a 198. A Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, Abu Abdullahi ya yi wa mahaifinsa tawaye, sannan ya yi rigima da baffansa, alhali rundunar Fadinan da Izabela tana cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, har ya miƙa makullan birnin a 1492. A nan gida, bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Bello a 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi a ƙarƙashin Yusufu suka ƙi mubaya'a, aka yi Basasa tsakanin jikokin Sarki Ibrahim Dabo har zuwa 1895. Shekara takwas bayan nan, a 1903, Turawa suka shiga Kano. Ba mu ce Basasa ce kaɗai sanadi ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sai dai tarihinmu yana da abin da littafin ba shi da shi. A shekara ta 41 Sayyidina Hasan yana da runduna da mubaya'ar mutanen Iraƙi, ya sauka daga halifanci don a daina zubar da jinin Musulmi, har aka kira shekarar da shekarar haɗin kai. Kakansa (SAW) ya riga ya ba da labarin cewa Allah zai sulhunta manyan ƙungiyoyi biyu na Musulmi ta hannunsa, ya kuma kira shi shugaba saboda haka. Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya gaya wa Abu Zarri cewa amana ce, kuma nadama ce ranar ƙiyama sai ga wanda ya sauke haƙƙinta. Da muka ba yaron labarin Sayyidina Hasan, sai ya ce bai taɓa ji ba. Yaron da ya haddace sunayen gidajen sarautar ƙage da tutocinsu da jerin kakanninsu bai taɓa jin shekarar haɗin kai ba, kuma shekara goma yana zuwa Islamiyya. Laifin wa ke nan?

Mun saba cewa yaran yanzu ba sa son karatu. Ga wanda ya karanta dubban shafuka cikin harshen da ba nasa ba, a kan allon waya, ba wanda ya sa shi. Abin da ya ja shi shi ne an ba shi labarin mutane masu rauni da buri da tsoro, an kuma ɗauke shi a matsayin mai hankalin da zai iya jin magana mai ɗaci. Mu kuwa mukan ba da tarihi a matsayin jerin shekaru da sunayen yaƙoƙi da za a haddace don jarrabawa. Suratu Yusuf tana ɗauke da hassadar 'yan'uwa, da rijiya, da bauta, da makircin gidan mai mulki, da kurkuku, da wazirci, da afuwa a lokacin da ramuwa take hannu, kuma Allah ya kira ta mafi kyawun labari. Idan ɗalibi ya fita daga ajinmu yana jin cewa labarin Amurka ya fi ta kama zuciya, sai mu binciki yadda muke karantarwa.

Kada kuma mu manta da ƙarshen maganarsa, cewa da ya duba gari abin da ya gani ke nan. Littafin suna kawai ya ba abin da yaron ya riga ya gani. Ya ga iyayen da suke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu inda za a rubuta musu amsa a allo. Ya ga ana ba wanda kowa ya san tushen dukiyarsa sahun gaba a wurin ɗaurin aure. Ya ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun shekara goma a kotu a kan gidan gado. Uban da yake aiken ɗansa ya ce wa mai bin bashi ba ya nan, bai kamata ya yi mamaki ba idan ɗan ya yarda da marubucin da ya ce masa duniya ta mayaudara ce.

Shawararmu ga iyaye ita ce su san abin da ke cikin wayoyin 'ya'yansu, su hana abin da ya wajaba a hana ba tare da jin nauyi ba, amma su tambayi yaro abin da ya fahimta kafin su ɗaga murya, domin abin da ya riga ya shiga kai da hujja ake fitar da shi. Ga ɗalibai kuma, duk littafin da kuka ɗauka ku tambayi kanku abin da yake so ku yarda da shi game da Allah da mutane da makoma, kuma idan kuka ga kuna ɓoye shafi saboda shigowar mahaifiya, wannan ya ishe ku fatawa. Malaman Islamiyya su buɗe wa manyan ɗalibai tarihin Musulunci da daɗinsa da ɗacinsa, tare da ladabin kame harshe game da abin da ya gudana tsakanin sahabbai, kafin su ji shi daga bakin wanda zai karkatar da su. Marubutanmu na Hausa, waɗanda Allah ya ba baiwar riƙe mai karatu, ga Andalus, ga Bagadaza, ga Gobir da Borno da Kano, duk suna jiran alƙalamin da zai ba da labarinsu da gwaninta ba tare da batsa ba.

Ba a fasa wayar ba. An goge littattafan a gabanmu da yardar yaron, muka ba shi Arrahiƙul Makhtum na Shaikh Safiyyur Rahman Mubarakfuri, muka yi alkawarin zama da shi duk Asabar ya gaya mana abin da ya karanta da abin da bai gamsu da shi ba. A zamanmu na ƙarshe ya ce: "Malam, na yarda da maganar lahira. Amma idan na ƙi satar amsa na faɗi, waɗanda suka sata suka wuce jami'a fa?" Muka ce masa yana iya faruwa, kuma ba za mu yi masa alkawarin abin da Allah bai yi masa alkawari ba. Abin da muka sani shi ne Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu, kuma shekara guda ta maimaita jarrabawa ta fi sauƙi a kan albashin shekara talatin da aka gina a kan takardar sata. Jarrabawar tasu tana nan tafe, muna roƙon masu karatu su sa shi da sauran 'ya'yanmu a addu'a.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tabbatar da zukatanmu a kan gaskiya a lokacin da take da tsada, ya ba shugabanninmu tsoron ranar da mulki zai zama nasa shi kaɗai. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.